Kyanwata ta iya buɗe ƙofa, yaya zan tsare ta a ɗaki har ɗinki ya warke?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu kiwon mage don Allah ku taimaka min da shawara. An yi wa kyanwata aikin cire mahaifa saboda haihuwa ta yi mata yawa, duk ta rame. Likita ya ce lallai ta zauna a ɗaki kwana 10 zuwa 14, ba tsalle, ba hawa katanga, kuma kada ta lashi wajen ɗinkin. To ita a waje ta saba yini, ga shi Allah ya ba ta wayo. Tsalle take yi ta rataya a hannun ƙofa da ƙafafun gaba har ƙofar ta buɗe. In an sa mukulli sai ta koma taga tana tura gilashin luba da kai. In duk ya gagara sai ta laɓe bayan labule, yaro na buɗe ƙofa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Gidanmu gidan yawa ne, ƙofa ba ta jimawa a rufe. Yaya kuke yi da irin wannan?

Abba_Kurna
Wa alaikumus salam. Keji kawai Hajiya. Ki samu babba irin na kaji, a wanke shi tas, a shimfiɗa mata tsohon zani a ciki. Ba ki da wata hanya a gidan yara.

Baba_Audu_Maishanu
'Yata, ni tun tasowata da dabba nake, kuma ban taɓa ganin an kulle mage don tana da ciwo ba. Dabba ta san maganinta. Za ta nemi inuwa ta kwanta, ta lashe ciwon har ya kame. Kulle shi ne zai sa mata damuwa ta daina cin abinci. Ki ba ta abinci da ruwa ki bar ta ta sha iska, Allah ne mai warkarwa.

Likita_Zazzau
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka kan damuwa gaskiya ce, zan dawo kanta. Amma ciwon da mage ke ji a faɗa ko a kan ƙaya daban yake da wannan. A aikin cire mahaifa ana buɗe ciki ne, sannan a ɗinke shi hawa-hawa: naman cikin, abin da ke ƙarƙashin fata, sai fatar kanta. Abin da ido ke gani fatar ce kawai, kuma ita ce ke saurin nuna kamar ta warke. Na cikin yana nan ɗanye. Idan ta yi tsalle daga katanga ta dira, duk nauyin jikinta a kan wannan ɗinkin yake sauka. In ya saki, hanji ko kitsen ciki zai turo ƙarƙashin fata, sai an sake sa mata wuƙa.

Lasar ma ba magani ba ce a nan. Wanda mage ta taɓa lasar masa hannu ya san harshenta kaushi gare shi, ƙananan ƙayoyi ne a jere masu kallon baya. Da su take tsefe gashinta, da su take kankare nama daga ƙashi. To haka za ta yi wa zaren ɗinki, in ya tsaya mata ta sa haƙori ta tsinke. Ga kuma ƙwayoyin cuta a bakinta, shi ya sa cizon mage ke saurin kumbura ya yi ruwa.

Maman_Ilham, ratayar da take yi a hannun ƙofa ita ta fi damuna, domin tana miƙe cikin nan ne gaba ɗaya. Yau ɗin nan a raba ta da wannan ƙofar.

Kafinta_Sabongari
Wannan ɓangarena ne. Hajiya, hannun ƙofa mai dannawa ƙasa shi ne matsalar. A kwance nocinan, a juya hannun ya kalli sama, ko a canza shi da mai dunƙule wanda sai an murɗa. Mage ba ta iya murɗawa. A ƙara sakata ta waje, can sama inda ƙananan yara ba za su kai ba. Taga kuma a buga mata wayar raga mai ƙarfi ta ciki, ba ragar sauro ta roba ba, wannan farce ɗaya za ta sa ta yage. Ki duba silin ma. Na je gyara wani gida na tarar da mage ta hau kan wadrob ta ɗaga allon silin ɗaya da ya saki, ta bi ta cikin rufi ta sauka a kicin ɗin maƙwabta.

Likita_Zazzau
Kafinta ya yi daidai. Kuma kada a raina ƙaramar kafa. Ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji a jikinmu, a jikin mage ɗan ƙarami ne kuma bai manne da sauran ƙasusuwa ba, don haka kafaɗunta na matsewa. Ramin da kanta ya shige, galibi jikin zai bi. A duba rariyar banɗaki da ƙasan ƙofa.

Malam_Sani_Fagge
Ni tambayata ta addini ce. Ba akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ba? Ina jin tsoron wannan kulle-kullen da ake ta ba da shawara a kai.

Ustaz_Nura
Malam Sani, hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar. Amma a karanta shi har ƙarshe. Matar ta tsare magen ce, ba ta ba ta abinci ba, ba ta shayar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. Laifin shi ne yunwa da ƙishirwar da ta kashe ta da su. Malamai ma daga wannan hadisin suka fahimci cewa ya halatta a riƙe mage muddin za a ci da ita a shayar da ita. Baiwar Allahn nan kuɗinta ta kashe ta kai dabba asibiti, kuma lafiyarta take nema. Ina fatan lada take samu. Sai dai hadisin ya ɗora mata nauyi: tunda ita ta rufe ƙofar, cin magen da shanta da tsabtar wurinta duk sun hau kanta.

Malam_Sani_Fagge
Na gamsu Ustaz, Allah ya saka da alheri.

Anti_Bilki
Ƙanwata, ni abin da ya fi yi min aiki shi ne ƙofa biyu. Lokacin da aka yi wa tawa aiki, uwar ɗaka na sa ta, falo ya zama kamar zaure. Dokar gidan: ba a buɗe ƙofar uwar ɗaka sai an rufe ta falo. Ko ta kubce maka, a falo za ta tsaya. Sannan mutum ɗaya na ɗora wa shiga wajenta, babbar 'yata, sauran yaran na ce su yi haƙuri. In za ta shiga sai ta riƙe faffaɗan kwali a gaban ƙafafunta, ta tura shi gaba, magen ta ja baya. Ki kuma fitar da duk abin hawa daga ɗakin, ko ki cika saman wadrob da kaya yadda ba ta da wurin dira.

Dan_Tasha99
Ku ba ta rabin Panadol da Piriton ta yi ta barci mana, an huta.

Likita_Zazzau
Don Allah kada kowa ya yi wannan. Dan_Tasha99, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma Panadol farasitamol ne, kuma farasitamol guba ce ga mage. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Yana lalata jinin yadda ba zai ɗauki iska ba, dasashinta ya koma launin ƙasa-ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Haka ibuprofen, ƙoda da ciki yake lalata mata. Akwai maganin raɗaɗi na mage, akwai kuma na kwantar da hankali irin gabapentin da muke rubutawa idan dabba ta kasa natsuwa, amma da awon nauyinta ake bayarwa. Ki kira wanda ya yi mata aikin ki gaya masa halin da ake ciki, shi ya san abin da ya riga ya ba ta.

Hajjo_Gombe
Wallahi haka maƙwabciyata ta rasa tata. Ƙafa ta ji ciwo, aka jiƙa mata farasitamol a madara don tausayi. Washegari fuskar ta kumbura, kafin a samu abin hawa zuwa asibitin dabbobi rai ya yi halinsa. Har yau in ta tuna sai ta yi hawaye.

Likita_Zazzau
Allah ya ba ta haƙuri. Tunda an shigo nan bari in ƙara, domin mage a rufe a ɗaki ba ta da inda za ta guje wa abin da aka zuba. Kada a goge ɗakin da Dettol ko Izal, tana takawa ta lashe ƙafa. Kada a fesa maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya tana ciki. Kada a shafa mata baƙin mai a ciwo kamar yadda wasu ke yi wa awaki. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin shi ma yana sa mage karkarwa da farfaɗiya.

Zee_Saikoloji
Abin da Maman_Ilham ta bayyana mun karanta shi a aji. A 1898 wani Ba'amurke mai suna Edward Thorndike ya riƙa sa kyanwoyi a akwati mai sakata, abinci na waje. Da farko kyanwar yaƙushi take yi ko'ina har ta taɓa abin buɗewar bisa sa'a. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa, har ta kai ana sa ta take nufar wurin kai tsaye. Abin da ya fitar shi ne duk aikin da ya kawo sakamako mai daɗi, dabba za ta maimaita shi. Don haka Anti, duk ranar da ta yi nasarar fita, kin ƙara mata ƙwarin gwiwar gwadawa gobe. Kukan ma haka ne. In ta yi ta kuka a bakin ƙofa aka buɗe, ta koyi cewa kuka mabuɗi ne. Ki daure, ki shiga wajenta a lokacin da ta yi shiru.

Baba_Audu_Maishanu
To ai kun ji. Dabba tana kuka, a ce a toshe kunne. Ni zuciyata ba za ta iya ba.

Zee_Saikoloji
Ba toshe kunne ba Baba. A fara dubawa ko yunwa ce, ko ƙishirwa, ko ciwo, ko wurin kashinta ya ɓaci. In duk lafiya, to ƙofar take wa kuka, ita ce ba za a buɗe ba.

Mahamadu_Maradi
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan abin wuyan roban da likitoci ke sa musu don hana lasa ba kullum ake samunsa ba. Da aka yi wa mussata aiki, ƙafar tsohon wandon yara mai talewa muka yanke, muka huda ramuka huɗu na ƙafafu, muka zura mata kamar riga. Ya rufe cikin, ta ci abincinta ba takura. Sai dai kullum a ɗaga a duba ciwon, in ya jiƙe a canza. Wani abu kuma, ku yi hankali da zafi. Kada a ce za a kulle ta a sito mai rufin kwano a watan Afrilu, wannan kisa ne. Ɗakin da mutum zai iya zama da rana shi za a sa ta.

Likita_Zazzau
Malam Mahamadu ya taɓo babban abu. A bazara zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yana haura digiri 40, mage kuma ba ta gumi a jiki kamar mu. In kun ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, ba lafiya ba, a sanyaya ta da jiƙaƙƙen tawul a nemi likita. Ruwa a kwano biyu, nesa da wurin kashi. Rigar ma na yarda da ita, sai dai wasu magunan ta saman rigar suke tauna ɗinkin, irin waɗannan sai abin wuya. Wajen ɗaura shi, yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. An juya hannun ƙofa, an sa sakata, na mayar da ita uwar ɗaka kamar yadda Anti Bilki ta ce. Abin wuyan ta cire shi, ta sa ƙafar baya ta turo shi ta kai, don haka na ɗinka mata riga. Yanzu matsala biyu. Da asuba da magariba sai ta yi ta zagaye ɗakin tana kuka har maigida ya fara magana. Sannan na ga ɗan kumburi a gefen ɗinkin kamar ƙwallon dabino, ba ja, ba ruwa.

Likita_Zazzau
Kumburin zai iya zama ruwa ne ya taru ƙarƙashin fata saboda yawan motsi, ko jiki ne ke amsa zaren ciki, waɗannan sukan baje da kansu. Zai kuma iya zama ɗinkin ciki ne ya saki. Ba a rabewa ta waya, sai an taɓa. Ki kai ta gobe, a cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji da aka ɗaure, ba a hannu ba. Ƙarar Keke Napep ɗaya ta isa ta sa ta fizge ta shige kasuwa. In kuwa kin ga wurin ya buɗe, ko jini, ko mugunya, ko ta yi amai ta ƙi abinci, kada ki jira goben.

Asuba da magariba kuma lokacin farautarsu ne, haka aka halicce su. Ki mayar da babban abincinta waɗannan lokutan.

Ummi_Kaduna
Mage mai wayo zaman banza ne ke damunta, Anti. A waje yini take tana lissafin ƙadangare da ɓera, yanzu ba abin da ya rage mata sai ƙofa. Ki ba ƙwaƙwalwarta aikin da ba tsalle a ciki. Ni kiret ɗin ƙwai nake ɗauka in saka 'yan gutsattsarin busasshen kifi a ramukan, bayan na cire ƙaya, in rufe wasu da takarda a dunƙule. Sai ki ga ta zauna tana sa hannu tana zaƙulowa ɗaya bayan ɗaya, kunnuwa a gaba, ta manta da ƙofa. Ko gorar ruwa a huda ta, a zuba abinci, tana turawa yana faɗowa. Ki sa mata kwali a kife da ƙofa a gefe ta riƙa ɓuya. An yi bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan a 2014, a gidan ajiye kyanwoyi, aka ga waɗanda aka ba kwalin ɓuya sun fi saurin natsuwa da sabon wuri. Kuma ki riƙa zama da ita, ko tsintar shinkafa ce ki yi a ɗakin.

Abba_Kurna
Duk wannan wahalar keji ya ɗauke muku ita fa.

Anti_Bilki
Abba, keji na da amfani in karaya ce, ko in gidan ba ɗakin da za a ware. Amma magen da ba ta taɓa shiga keji ba wani lokacin haukacewa take yi, ta yi ta cizon waya har baki ya fashe. Kowace da halinta.

Sadiq_Tudunwada
Ni muzuru gare ni, kuma nasa ya fi wannan wuya. Ya yi faɗa, kumatu ya kumbura ya tara mugunya, likita ya tsaga ya wanke ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha, ya ce a shanye duka. Ana tsaka da shan magani ya ji kukan mace a bayan gida, baƙo ya buɗe ƙofa, shi ke nan. Da ya dawo ciwon ya rufe ta sama, ya sake cika ta ciki, ƙuda na binsa. Aka koma farko, kuɗi biyu. Tsarewar ba don ɗinki kaɗai ba ce, maganin ma ba zai yiwu a kan lokaci ba in mai shan yana yawo. Daga baya na sa aka yi masa dandaƙa da allurar haukan kare, yawon ya ragu sosai.

Tambayata Likita, yaya ake ba su ƙwaya? Nawa sai ya riƙe a baki, in na juya ya tofar.

Likita_Zazzau
Naɗe shi da tawul, kai kaɗai a waje. Ka riƙe kan ta sama, ka ɗaga hancin ya kalli rufi, baki zai ɗan saki. Ka sa ƙwayar can bayan harshe, ka rufe bakin ka shafa maƙogwaro. In ya lashi hanci galibi ya haɗiye. Ka bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura ta gefen baki, musamman in doxycycline ne, domin in ya maƙale a hanya yana ƙona ta. Tunda muzuru ne, ka lura da fitsarinsa duk lokacin da yake tsare. In yana ta tsugunawa ba abin da ke fita, mafitsara ce ta toshe, a ranar ake kai shi.

Hajjo_Gombe
Wajen kashi fa? Magen da ta saba tona ƙasa a waje za ta yarda da roba?

Ummi_Kaduna
Tana yarda Hajjo. Faffaɗan baho marar zurfi, a zuba yashi mai tsabta, a ɗan haɗa da ƙasar inda ta saba yi don ta ji ƙanshin. A kwashe kullum. Mai juna biyu dai kada ta kwashe, akwai cutar da ake iya ɗauka daga kashin mage mai illa ga ɗan ciki, a bar wa wani.

Baba_Audu_Maishanu
Na karanta duka, kuma batun ɗinkin ciki na fahimta, Likita. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya: mage in ta ƙi ci saboda kulle fa? Na ga dabbar da baƙin ciki ya kashe.

Likita_Zazzau
Ita ce maganar da na ce zan dawo kanta, Baba, kuma kana da gaskiya. Mage ba ta jure yunwa kamar kare. In ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na taruwa a hantarta ya zama wata cutar. A gwada kaza dafaffiya ko kifi da ɗumi, ba albasa, ba tafarnuwa, ba magi. A cire abin wuyan lokacin cin abinci, mutum na zaune. In ta wuce yini guda ba ta taɓa komai ba a kira likita. Sai dai maganin hakan gyara zaman ne, ba a buɗe mata ƙofa da ɗanyen ɗinki ba.

Sadiq_Tudunwada
In an cire zaren, ni shawarata kada ma ta koma yawo. Ga mota, ga shinkafar ɓera da maƙwabta ke zubawa, ga yara masu jifa.

Mahamadu_Maradi
A'a Sadiq, wannan sai gidan da ke da hali. Mu don ɓera da kunama muke ajiye su, in ta zauna a ɗaki wa zai tsare rumbu? Ta warke dai ta koma aikinta.

Anti_Bilki
Wannan wata muhawarar ce daban. Maman Ilham, in kin je goben ki tambayi likitan ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire, da ranar da ya yarda ta fita. Ranar kuma ki fara sakinta a tsakar gida kafin ta ci abinci, kina kusa, yadda kina kaɗa kwano za ta dawo.

Yusuf_Damaturu
Salam. Yanzu na shigo na ga zancen. Tawa ƙafar baya ce ta karye, an sa mata ƙarfe, an ce mako 6 a keji. Ta riga ta gano yadda ake ɗaga ƙugiyar ƙofar kejin da hanci. Kafinta, akwai irin sakatar da za ka ba ni shawara, ko in sa kwado kawai?

Kafinta_Sabongari
Sa ƙaramin kwado, ka rataye mukullin a ƙusa kusa da kejin don kada a neme shi a rasa. Ka ɗaure ƙasan ƙofar ma da waya, ta nan suke turawa ya buɗe. Turo min hoton kejin in gani.